Dokin da ya manta fitona

Jikana Modu ya sayi doki! Salamu alaikum, jama'a. Ina cikin murna ya ce gobe zai kai shi wata barga a Bolori, su ciyar da shi suna ba da hayarsa.

Haka na yi da nawa a shekarun alif ɗari tara da tamanin, da harawa ta yi tsada. Ci kam ya ci. Amma da na je na yi masa fito, ko kunne bai ɗaga ba, bayansa duk miki.

Na ce wa mai bargar, "Ba Kyari, bai gane ni ba."

Ya ce, "Alhaji, kowa hawansa yake, wa zai gane?"

Na gaya wa Modu, ya ƙi ji. Ku zo Mafoni yau ku gan shi, tun yana namu.