Akwatin Wutar Zauren Gidanmu

Wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu da nake wannan rubutu bai sake ni ba. Ku yi haƙuri da tsawonsa. Ina roƙon wanda Allah ya ba sani ya daure ya karanta har ƙarshe, ya gaya mini abin da yake nufi.

Waɗanda suka daɗe da ni a shafin nan sun san gyaran wuta ce sana'ata. Sunana Rabi, ni ce auta a gidanmu. Makarantar koyon sana'a na yi, shekarata bakwai ke nan ina haɗa wa mutane waya a gidajensu. Babanmu ya rasu, gidan yana hannun babban wanmu, Yaya Habibu. Mahaifiyarmu kuwa Inna muke ce mata.

Na gan ni a tsakar gidanmu da rana tsaka. An shimfiɗa tabarmi ko'ina kamar ranar suna, dangi sun cika, kowa da farantin shinkafa a gabansa, amma ba mai ci. An yi wa bango sabon fenti shuɗi, bai bushe ba, yana ɗiga ƙasa. Warin da yake yi ba na fenti ba ne, na ƙonanniyar roba ne. Na yi sallama har sau uku, ba wanda ya amsa, ba wanda ya ɗago. Jakar kayan aikina tana rataye a kafaɗata. Na sa hannu zan ɗauko tasta, ɗan sukudireban nan da muke gwada wuta da shi, sai na ciro alli.

Sai kawai na gan ni a ajinmu na makarantar sana'a, allin yana hannuna. Dangin nan dai su ne a kan bencina, da farantansu a cinya. A kujerar malami Baba ne zaune, Allah ya jiƙansa, da farar rigar da yake sawa ranar Juma'a. Baba tela ne, bai taɓa taka makarantar nan ba. Ya nuna mini allo da haɓa. A jikin allon an kafe akwatin wutar zauren gidanmu, shi ɗin dai, mai murfin ƙarfe da tsatsa a gindi, wanda aka sa tun ba a haife ni ba.

Ya ce, "Yi musu bayani."

Na fara. Na ce wuta tana shigowa daga mita, ta faɗa wa babban makunni, daga nan a rarraba ta layi-layi: na ɗakin Inna daban, na kicin daban, na sashen Yaya daban. Kowane layi da ɗan makunninsa, shi muke kira bireka. Na ce aikin bireka ɗaya ne, an yi shi daidai da abin da wayar layinsa za ta iya ɗauka. In aka jona kayan da suka fi ƙarfin wayar, ko wayoyi biyu suka haɗe, sai ya faɗi ya yanke wuta tun waya ba ta yi zafi ta cinye robarta a cikin bango ba. Na ce in kuka ga bireka yana yawan faɗuwa, galibi ba shi ne ya lalace ba, kaya ne suka yi wa layin yawa. Amma in kuka taɓa akwati kuka ji ɗumi, ko kuka ji yana zuuu kamar an rufe ƙuda a kwalba, ko kuka ga bakin wayoyi ya yi baƙi, ko hancinku ya ji ƙauri, to akwatin ya gama yi. Ba a lallaɓa shi, cire shi ake yi a sa sabo.

Ina jin muryata sarai, amma su kamar ba da su nake ba. Wata gwaggonmu ma gyangyaɗi take yi. Can sai Yaya Habibu ya ɗaga hannu daga bencin baya kamar ɗalibi.

Ya ce, "Wa ya taɓa shi ƙarshe?"

Sai a lokacin duk ajin suka ɗago suka zuba mini ido.

A nan dole na ɗan fita daga mafarkin, domin wannan tambayar ba a cikin barci na fara jin ta ba.

Bana da zafi Yaya ya sa wa Inna esi, na'urar sanyaya iska, a ɗaki, ya kuma ajiye babbar firiza a barandarta, duk a layi ɗaya da hitar da take dafa ruwan wanka. Alheri ya yi niyya, ban musa wannan ba. Amma birekan ɗakin ya fara faɗuwa, a rana sai ya faɗi sau uku, sau huɗu. Inna ta kira ni. Na buɗe akwatin na ga duk abin da na lissafa a sama, ba ɗaya da babu. Na sami Yaya a zaure na durƙusa na ce, "Yaya, akwatin nan canji yake so. In ma ba yanzu ba, a bari na ja wa esin layinsa daban."

Ya ce, "Akwatin da Baba ya sa da guminsa za ki ce a cire? Shekara nawa yana aiki kafin ki san mene ne waya?"

Na ce, "Shi ya sa ya gaji, Yaya."

Ya ce, "Rabi, ki je gidan mijinki ki yi iko. Nan akwai manya."

Washegari ya kawo wani mai gyara daga bakin kasuwa. Mutumin ya cire birekan Inna mai lamba ashirin, ya sa mai lamba sittin da uku a kan siririyar wayar nan. Bireka ya daina faɗuwa, kowa ya ji daɗi. Yaya ya turo mini saƙo, kalma biyu: "An gyara." Na kira shi na ce wannan ba gyara ba ne, wayar za ta ƙone birekan yana tsaye. Ya kashe wayarsa. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce su ƙarata. Sati shida ban taka gidan ba. Wannan laifina ne, ban taɓa ɓoye shi ba.

Wata ranar bayan la'asar waya ta kama a cikin silin. Inna ta ɗan kishingiɗa barci ya ɗauke ta. Maƙwabta ne suka ɓalle taga suka fito da ita. Ta rayu, alhamdulillahi, amma hayaƙi ya taɓa mata ƙirji. Keken ɗinkin Baba da hotunansa duk sun tafi. Ranar da dangi suka zo jaje ina raba ruwa na ji Yaya yana ce wa kawunmu, "Ƙaddara ce. Sai dai yarinyar nan ta buɗe akwatin ta yi 'yan taɓe-taɓenta." Eh, na buɗe. Noti ɗaya na ɗaure da ya saki. Ba wanda ya tambayi wa ya canja bireka. Tun daga ranar, ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidan wani ɗan'uwa, ba ni ake kira ba.

Inna a gidana take jinya. Yaya ya gyara ɗakin, sabon silin, sabuwar waya, sabon fenti. Akwatin yana nan yadda yake, da babban birekan a ciki. Abin da ya ƙaru kawai kwaɗo ne da ya sa wa murfin.

To, na koma mafarkin. Suna ta kallona, sai na juya wajen Baba na ce, "Baba, ni ce?" Yana ta ƙoƙarin zura zare a allura. Na sake tambaya, ya lashi bakin zaren ya ci gaba.

Sai kawai na gan ni a zauren gidanmu ni kaɗai. Akwatin ya girma ya kai girman ƙofar shago, murfinsa a buɗe, zafi yana fitowa daga ciki kamar bakin tanda. Wata murya, irin ta masu kiran fasinja a tasha, tana kiran sunayen ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ban ga mai ita ba. In ta ce kicin, sai birekan kicin ya yi ƙas. In ta ce sashen Yaya, nasa ya yi ƙas. Da ta ce ɗakin Inna, sai ɗan ƙaramin birekan nan na da ya faɗi. Wani hannu ya fito daga bango ya ɗaga shi. Ya sake faɗuwa, hannun ya sake ɗagawa. Agogon Yaya ne a hannun. A karo na uku hannun ya zare shi gaba ɗaya ya jefar a ƙasa, ya cusa wani ƙato a gurbinsa. Muryar ta sake cewa ɗakin Inna. Shiru. Ta sake kira. Shiru.

Daga nan na fara ganin wayar ta cikin filasta, ta yi ja kamar garwashi, jan yana tafiya a hankali ta saman bango ya nufi cikin gida. Na bi shi da gudu. Tsakanin zaure da ɗakin Inna taku goma ne, amma ina ta gudu ban isa ba.

Sai kawai hanyar ta zama layin masu sayar da kayan wuta a kasuwa. Duk shaguna a rufe sai ɗaya. Mai shagon ya juya mini baya, ban ga fuskarsa ba. Ya miƙo mini sabon akwati a kwalinsa ta saman kafaɗa. Na ɗora a ka ba gammo. Da farko ba shi da nauyi, amma duk takun da na yi sai ya ƙaru, har wuyana ya fara shigewa. Mutane suna wucewa suna yi mini sannu da aiki, ba wanda ya ce kawo na taya ki.

Ban san inda na sauke shi ba. Na dai gan ni a bakin tagar Inna, hannuna ba komai. Tana zaune a gefen gado tana yanke farce, hankalinta kwance. Hayaƙi ya taru a saman ɗakin ya yi kauri, yana saukowa kaɗan-kaɗan, ya kusa taɓa ɗankwalinta.

Na ce, "Inna, ki fito!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yayanki ya ce an gyara."

Na ce, "Inna, ki ɗaga kai ki gani mana!"

Ta ce, "Yayanki ya ce an gyara, Auta." Ta ci gaba da yanke farcenta.

Wallahi duk mafarkin ba inda ya ci mini rai kamar nan. Ba don hayaƙin ba. Don haka muryarta take a farke ma in na kawo maganar. Wata huɗu ina dafa mata ruwa, ina kai ta asibiti, ina tashi in tari ya sarƙe ta, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa, "Auta, ashe gaskiyarki." Ba na son a ba ni haƙuri. So nake mutum ɗaya ya faɗa da bakinsa.

Na ce bari na kashe babban makunni, kowa ya huta. Sai kawai ga ni a zaure kuma. Akwatin ya koma girmansa na gaskiya, murfi a rufe, kwaɗo a jiki. Dangin sun dawo, sun jeru a jikin bango, wannan karon suna cin shinkafarsu. Yaya yana tsaye da makullin a zare ya rataya a wuya. Na miƙa masa hannu. Ya kalli hannun kamar bai san mene ne ba. Na duba ɗaya hannuna sai na ga guduma, ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Murfin yana ta ƙara zafi har fentinsa yana tashi. Na gyara tsayuwa, na ɗaga gudumar sama da hannu biyu.

Sai na ji muryar Inna daga cikin gida, a hankali, ba ihu ba.

Ta ce, "Auta, kada ki raba mini kan 'ya'ya."

Na tsaya da guduma a sama. Ban buga ba, ban sauke ba. Ina jin jan wayar yana wucewa ta saman kaina.

A haka na farka, ana kiran assalatu, hannuwana biyu a sama sun sage. Na yi alwala na yi salla, sannan na leƙa ɗakin Inna na gaishe ta. Na tarar ta zazzage kayanta a kan gado tana ninkewa. Na ce lafiya? Ta ce ai Yaya ya kira ta jiya bayan magariba, ranar Juma'a zai zo ya mayar da ita ɗakinta. Ta ce ba ta gaya mini ba ne don kada na tayar da magana. Sai ta miƙo mini bakin zani ta ce na kama mata. Na kama, muka ninke.

Yau Laraba. Don Allah masu sani, ku fassara mini. Me ya sa Baba ya sa ni bayani, amma da na tambaye shi ya ƙi amsa mini? Gudumar da aka sa mini a hannu, nuna mini ake yi na je na fasa kwaɗon ko da Yaya zai daina yi mini magana har abada? Ko kuwa maganar Inna ce saƙon, na sauke hannu, na raka ta ɗakin ranar Juma'a na shimfiɗa mata gado?