Ranar da Ɗan'azumi ya hana ni tozo

"Malam Bawa, yau babu tozo."

Haka Ɗan'azumi mahauci ya ce mini a kasuwar Rogo, alhali ga tozon nan a rataye yana sheƙi. Shekara arba'in a wurinsa nake saye.

Na ce, "Wannan fa, kabewa ce?"

Ya ce, "Na mutane ne. Hajiyarka ta riga ka zuwa, ta faɗa mini bayanin likita."

Wai kitsen tumbina ne ke tsiyayar da maiƙo cikin jini, jiki ya daina sauraron insulin, wato sinadarin jiki mai rage sukarin jini, sai sukari ya taru, jijiyoyin zuciya su riƙa kumbura ta ciki kamar gyambon da ba a gani. Wai shi ne nauyin da nake ji a ƙirji in na kama fartanya. Ban yi boko ba, amma na gane. Yarda ce ban yi ba.

An raba ni da man shanu, an raba ni da mazarƙwaila, yanzu har kasuwa an biyo ni.

Na ce, "Ashe da kai aka haɗa baki?"

Ya ci gaba da yankan tsoka, bai ɗago ba. "Cikin sa'o'inmu ni da kai muka rage, Bawa. In ka tafi, da wa zan yi faɗa ran kasuwa?"

Na karɓi tsokar, na ce wuƙarsa ta dakushe kamar mai ita.

Har yanzu ban huce ba, amma na cinye. Ku fa, wa ya taɓa hana ku abu kuka rasa bakin zaginsa?