Umm Talal Mai Mansaf da Jif ɗin Ɗanta

Shekara ashirin da biyu ina taya Umm Talal girki a nan Karak, ban taɓa ganin wanda ya ce mata "zauna ki huta" ya kwashe lafiya ba. Gajeruwa ce, gwiwa ta fara ba ta wahala, amma bakin nan garau. Idan aka yi rasuwa a unguwa, gidan mamaci ba sa ɗora tukunya har kwana uku, maƙwabta ke ciyar da su da baƙinsu, su kuwa maƙwabtan wajenta suke zuwa. Ita ke dafa mansaf, shinkafa da naman rago da miyar busasshen nono, ita kuma ke kai shi da kanta a tsohuwar ƙaramar motar da mijinta ya mutu ya bari. Bayan ta fita takaba ta koyi tuƙi, danginsa suka yi ta surutu har suka gaji.

Motar shimfiɗaɗɗiya ce, kusa da ƙasa. But ɗinta na cin manyan tire biyu, kujerar baya ta ɗauki na uku.

Bara ɗanta Talal, injiniya, ya dawo daga Dubai da wata jibgegiyar jif baƙa mai kujera bakwai. Ya zo da ita ranar da muke girkin rasuwar wani dattijo, Abu Hamdan, ya ajiye ta kusa da tsohuwar motar, sai ta uwar ta koma kamar akuya a gindin raƙumi.

"Yumma, taki ce," in ji shi, don haka muke kiran uwa a nan. "Waccan akwalar na yi mata mai saye, bayan azahar zai zo ya ɗauka."

Ni dai na san tsohuwar motar nan ita ce ƙafarta. Ita kuwa goge hannu kawai ta yi, ta ce, "To, nuna min."

Ya buɗe ƙofar baya yana zuba. Kujerun fata ne, suna kwantawa, suna ɗumama baya lokacin sanyi, ga wurin miƙe ƙafa. Sai da ya tallafe ta sannan ta iya hawa. Gaskiya kujerar akwai laushi, ni ma da na zauna ban so tashi ba.

"Nawal, kawo tire," ta ce da ni.

Na kawo, muka gwada a but, ya ƙi shiga. Talal ya yi sauri ya kwantar da kujerun ƙarshe.

"Kin gani? Yanzu huɗu ma za su shiga."

"Wa zai ɗaga su har can? Tire ɗaya rabin rago ne. A tawa sunkuyawa nake in ajiye, a taka sai na kai shi ƙirji. Kuma layin gidan Abu Hamdan, ta ina wannan giwar za ta bi? Ko ganuwar gari za ka rushe mata?"

"Ai ba ke za ki sha wahalar ba, Yumma. Zan ɗaukar miki direba."

Ta kafe shi da ido, har ya fara sosa ƙeya.

"Tun ɗazu nake jira," ta ce. "Ka nuna min kujerar baya, ka nuna min ta tsakiya, har wadda ake naɗewa ka nuna min. Ta direba ce kawai ba ka buɗe min ƙofarta ba."

"Gwiwarki nake ji. Kullum ina can hankalina na kan gangaren garin nan." Muryarsa ta yi rauni, har ya ba ni tausayi, don ba ƙarya yake ba.

"Na sani, ɗana. Amma duk wadda na ga an mayar kujerar baya a unguwar nan, daga nan sai tabarmar ɗaki. Ni ban shirya ba. Ranar da na kasa taka birki, da hannuna zan miƙa maka makulli, ba sai ka yi min dabara da kujerar fata ba."

Aka kira azahar. Muka loda tirenmu a tsohuwar mota yadda muka saba, aka bar tukunyar miya mai zafi. Ta nuna masa ita da haɓa.

"Shiga baya ka riƙe. In ta zube a kan kandura, rigar nan taka ta Dubai, ba ruwana."

Ƙaton mutum, ya lanƙwashe a gefen tire, gwiwa har haɓa, tukunya a cinya. Ta bi da mu lungunan nan masu hawa da kwana, bango na kusan shafar madubi, ko ɗigo bai zuba ba. Muna tsayawa a ƙofar gidan rasuwar wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ga hannayensa duka biyu a kan tukunya. Umm Talal ta juyo, ta zaro wayar, ta duba sunan, ta kara masa a kunne.

"Mai sayen ne. Gaya masa da bakinka."

Talal ya dubi uwarsa.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa," ya ce. "Mai motar tana aiki da abarta."