Benen da Ban Hau Ba

Ban iya rubutu ba. Malamar makarantar da ke maƙwabtaka da ni ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa ina share hawaye, don tun da Malam ya rasu haka idanuna suke.

Bayan na fita takaba ƙafafuna suka kumbura. Likita a Yelwa ya ce zuciya ce, ya hana ni hawan tudu. Ɗiyata mai aikin jinya a Kaduna ta ɗaura mini wani baƙin agogo, ta ce duk motsin da na yi zai gaya wa wayarta. In kuwa na karya dokar likita, za ta ɗauke ni daga gidan nan na bakin ruwa, inda aka kawo ni ina amarya.

Kwana huɗu tsakani ta kira ni.

"Inna, bene goma sha huɗu kika hau yau?"

"Wane bene? Ke da kika tashi nan, ina kika ga bene a unguwarmu? Ko rumbu ban hau ba."

"Agogo ba ya ƙarya, Inna."

"To, ni ce ke yi ke nan."

Tir! Yarinyar da na goya ta ɗauki shaidar roba ta bar tawa. Ga abin ya jiƙe da gumi yana ƙarni, fatar da ke ƙarƙashinsa ta yi fari kamar cikin mataccen kifi. Kullum sai ya ƙara mini benaye, ni da na wuni zaune ina bandar kifi.

Ranar Juma'a ta iso da manyan jakunkuna biyu, babu komai a ciki. Na gane na kayana ne. Na ci gaba da juya tarwaɗa a kan wuta. Hadari ya haɗo ta wajen Ngaski, iska ta taso daga tafki, sai agogon ya yi ɗan kukansa irin na sauro. Ta duba wayarta, ta dube ni zaune daram kan kujera. Wai bene uku.

Ta kwance shi tana jujjuyawa, har ta gano wani ɗan rami a gefe, kamar kafar allura. Ya toshe da man kifi da toka. Ta ce ta nan yake jin nauyin iska. In mutum ya hau sama nauyin yana raguwa, shi kuma ya ƙirga bene. Hadari da iska mai ƙarfi suna rikita shi, balle ramin ya toshe, hannu kuma yana ta motsi. Ta wanke shi da ruwan ɗumi da tsohon burushin haƙori, ta ce kada a kuskura a tsokane shi da allura. Wani baƙin abu ya yi ta fitowa. Ashe da wannan ƙazantar aka ƙaryata ni. Ta shanya shi a inuwa, ta ce in riƙa cire shi wajen banda da lokacin hadari, in wanke shi duk mako.

"Ki yafe mini, Inna."

Na yafe, amma ta ce za ta kwana uku ta gwada shi. Nan na san za a kama ni. Da ya wanku, kowace safiya sai ya nuna bene ɗaya cif, kuma wannan gaskiya ne. Bayan sallar asuba nakan gangara inda kwalekwalen Malam yake ɗaure, in kwashe ruwan da ya shiga da ƙwaryarsa, in hauro gangaren. In ban yi ba zai nutse.

Rana ta uku ta biyo ni. Ta tsaya tana kallon kwalekwalen ubanta, sannan ta karɓi ƙwaryar ta kwashe sauran ruwan. Muka hauro ina dafe da kafaɗarta, muka huta sau biyu.

"Bene ɗaya, Inna. Ranar da ya zama biyu, ina nan tafe."

Ta koma Kaduna da jakunkunanta wayam. Munafukin yana nan a hannuna. Da dauɗa ya yi mini ƙazafi, da aka wanke shi ya tona mini asiri. Nakan wanke shi duk Juma'a, ina kau da kai.