Tsamiyar Kaka da Tulunan da Na Turara

Saura mako guda sunan ɗan yayata, rigimar abin sha ta tashi a gidanmu na unguwar Nakkasa. Lokacin zafi ne, irin na Makka da duwatsu ke yini suna gasa mutum. Umma, wadda a nan aka haife ta, ta ce subiya, farin abin shan nan na mutanen Makka, da ruwan zabibi za a ba baƙi, kamar kowane gidan mutunci. Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, wadda ta tako tun daga Kano ta Chadi da Sudan, ta ce ba za a raɗa wa tattaɓa-kunnenta suna babu tsamiyarta ba. Bukukuwa nawa aka yi a gidan, ba a taɓa barin ta ta jiƙa ba. Umma cewa take Larabawa za su ɗauka magani muka ba su.

Na gaji da surutun, na ce, "Ku kira Hajiya mai abincin biki ta ɗanɗana, kowa ya huta."

Ran da za ta zo, Baba ya sayo ƙanƙara a buhu. Umma ta miƙo min tuluna biyu ta ce in turara da mistika, ƙaron nan da mutanen Makka ke ƙonawa a abin ruwa don ya yi daɗin sha. Na buɗe gwangwanin, wayam. Kanti yana can gindin dutse, rana kuwa tsaka. Da sakandarena da komai, na yanke cewa hayaƙi ai hayaƙi ne. Na ɗebo turaren wutar mai jego na zuba a garwashi, na kifa tulunan.

Kaka ba ruwanta da turare, ƙanƙarar ma ta ce tana kashe kaifin citta. Jiƙaƙƙen buhu ta naɗa wa randarta tun safe, a lungun da iska ke bi.

Da Hajiya ta iso, ta kurɓi subiyar da aka zuba a tulunan, ta daɗe kafin ta haɗiye.

"Ya ukti, 'yar uwata," ta ce wa Umma, "wannan sha ake yi ko shafawa?"

Umma ta ɗanɗana, ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Mistika ta ƙare."

"Ƙafarki ma ta ƙare?"

Kaka dariya har da riƙe ciki. Ta cika moɗa da tsamiya, mai citta da kanumfari, ta miƙa. Hajiya ta shanye, ta goge baki, ta sake miƙo moɗar.

Umma ta ce, "Baki suka haɗa da jikarta."

"Da wannan mummunar?" in ji Kaka. "Ai ko wuta ba na aikenta ɗebowa."

Na ce, "Tsohuwa, gode min za ki yi."

Hajiya ta ce ko ba turare, subiya cika ciki take, baƙi su kasa cin nama. A wannan zafin abin da ke buɗe maƙogwaro ake so. Ta tura wa Umma moɗar. Umma ta kurɓa tana ɓata fuska, ta sake kurɓa, har ta ga ƙasanta.

"Sukari ya yi kaɗan, Iya," ta ce wa Kaka.

"A ƙara."

"Halas, shi ke nan. A jiƙa da yawa."

Ni aka ɗora wa dakan citta na kwana uku, wai ladan wayona. Ranar suna Kaka ta ci ado ta zauna gefen randa, ta hana kowa taɓa moɗa. Matan Larabawan maƙwabta na ta dawowa da kofuna suna tambayar sunan abin, ita kuma tana sa su maimaita "tsamiya" kafin ta zuba.