Malfar Baba a bakin ƙofar ruwa

Ina zaune a zauren gidanmu a Talata Mafara na dafe kai gaban kwamfuta, sai ga Baba ya dawo daga gonar albasa. Na yi masa sannu da zuwa.

Ya ce, "Mi ad damuwa?"

Na ce na'urar auna ruwa da muke haɗawa ce take sandarewa. Manhajoji biyu ke amfani da ita: direban da na rubuta, wato manhajar da ke sarrafa ta daga kwamfuta, da wadda aka dasa cikin na'urar kanta. Wani sa'in su kai hannu wuri ɗaya lokaci ɗaya, wannan ya rubuta, waccan ta goge. Ga gwaji saura kwana uku.

Baba ya yi murmushi. "Da anka sako ruwan madatsar Bakolori, ƙofar ruwa guda munka raba da maƙwabcin gonata, Malam Isa. In buɗe, shi rufe, shinkafa na bushewa. Sai munka kafa sanda. Wanda yar riga rataya malfatai, ruwa nashi na, ɗayan shi jira."

"In kun iso tare fa, Baba?"

"Ai sandar, malfa guda taka ɗauka."

Haka na yi. Alama ɗaya tak, kowace manhaja sai ta kama ta kafin ta taɓa na'urar, ta gama ta saki. Jiya aka yi gwaji, ko gezau.

Na sa wa alamar suna Malfa. Da na gaya wa Baba, ya ce to a riƙa tunawa ana cirewa, don Malam Isa mantuwa gare shi.

Ku fa, wace dabarar tsofaffinku ce ta taɓa fid da ku kunya a wurin aiki?