Farin Ƙyalle da Allon Malam

Shekara ashirin da shida maigidana Malam yana gyaran hoto. 'Yan layinmu Mai Goge Ƙuraje suke ce masa, kuma ba ya jin haushi, don duk budurwar da ta kawo hoto da ƙurji a goshi za ta karɓe shi fuska sumul. Amma ya fi son tsofaffin hotuna, waɗanda ruwa ya taɓa ko gara ta ci gefensu. Sai ya wuni a kan kunnen wani tsoho da ya rasu tun kafin a haife shi. Ni kuwa tela ce. Kekena yana cikin gida, shagonsa yana gaba, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu.

Bara ne aka fara dawo masa da aiki. Wata mata ta ce an mayar da fuskar mijinta toka-toka kamar mai jinya. Malam ya ɗora laifin a kan masu buga hoton, ya sauya wuri. Can ma haka ya fito. Daga nan bakinsa ya mutu. Ya shiga goge tabarau sau goma a wuni, yana kai hanci har jikin allon kwamfutar. Mahaifinsa da makanta ya ƙare, kuma Malam ne ya yi ta jan hannunsa shekara shida.

Wata safiya ya ce mini, "Uwargida, idon nan ya tafi. Ƙarshen wata zan rufe shagon."

Na ce ya je asibiti, ya ƙi. Tsoron abin da za a gaya masa yake yi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kukana a bayan keke. Mutumin nan idan aka raba shi da hotunansa ban san me zai rage ba.

Ana haka wata ma'aikaciyar jinya ta turo hotonta a gyara, sanye da farar rigar aiki da ni na ɗinka mata. Na shigo da shayi daidai lokacin da ya buɗe hoton, bai taɓa komai ba tukuna.

Na ce, "Wa ya rina rigar nan?"

"Wane rini? Fara ce."

"Malam, ni na yanka yadin nan. Wannan ruwan ɗorawa ce."

Nan na gane laifin allon ne, ba na idonsa ba. Shekara tara yana kallon allon nan kullum, yana dushewa yana jirkicewa a hankali, idonsa yana sabawa. Sai ya riƙa ƙara shuɗi don ya ga daidai, hoto ya fito a waje kamar an barbaɗa masa toka. Na gaya masa haka, ya yi murmushi ya ce ya gode da kwantar da hankali. Wannan murmushin ya fi komai ba ni haushi. Na shiga ciki na tono ragowar yadin rigar a buhun ƙyallaye, na ce ya sa takalminsa.

Mai shagon kwamfuta ya tarbe mu da wani ƙaton allo mai sheƙi, launukansa sai ihu suke yi. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Na leƙa, na hango fuskata da fitilar shagon a ciki.

Na ce, "Ɗan'uwa, madubi ina da shi a gida. Kawo marar sheƙi, na talaka."

Ya jera guda uku, ya sa hoton ma'aikaciyar jinyar a kowanne. Na zaro ƙyallena. Yadda nake auna zare da yadi haka na yi: na sa aka matso da su bakin ƙofa inda hasken rana yake, na kara ƙyallen a gefen kowane allo. Na farko farinsa ya yi shuɗi. Na biyu ya yi kyau daga gaba, amma da na matsa gefe sai fuskar matar ta yi duhu. Na uku ɗan madaidaici ne, inci ashirin da huɗu, ba shi da wata kwalliya. Na duba ta gaba, na duba ta gefe, har na durƙusa na duba ta ƙasa, fari yana nan fari, fatar matar tana nan yadda Allah ya yi ta. Mai shago ya ce tunda yake sana'ar nan bai taɓa ganin an zaɓi allo da tsumma ba. Na ce yau ya gani.

Duk wannan bidiri Malam yana tsaye a baya, hannu a aljihu. Ya ƙi matsowa, kuma na san dalili. Idan ya kalli allo mai kyau bai gani ba, to babu sauran abin da za a ɗora wa laifi.

Na ja masa kujera. "Zauna, don Allah."

Ya zauna. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ƙura wa hoton ido. Can sai ya miƙa yatsa wajen hammatar rigar, inda inuwar hannu ta faɗa.

"Uwargida."

"Na'am."

"Ɗinkin nan ya karkace. Nan kin warware kin sake bi, kuma zaren na biyu ya fi na farko kauri."

Na sunkuya na ƙura ido, da ƙyar na gano wurin. Gaskiyarsa ne. Zare ne ya ƙare mini ranar, na ƙarasa da wani, ko mai rigar ba ta lura ba.

Na ce, "A gaban mutane za ka tona mini asiri?" Na sa ƙyallen na share hawaye, na ce wa mai shago ya naɗe mana wannan.